Ina zan kai amarya ta ga teku da albashin malamin firamare?

Tambaya: Assalamu alaikum Kawu. Na yi aure bayan ƙaramar sallah, matata kuwa ba ta taɓa ganin teku ba sai a talabijin. Ina son in kai ta, amma ba ma son wurin kiɗe-kiɗe da cunkoso, aljihuna kuma na malamin firamare ne. Ina ya dace mu dosa? Daga wani mai karatu a Funtuwa.

Amsa: Wa alaikumus salam, ango ka sha ƙamshi! Allah ya ba da zaman lafiya.

Cire bakin ruwan Lekki da ke Legas daga lissafinka. Tun daga ƙofa ake karɓar kuɗin shiga, ga hayaniyar da kake gudu. Ni Grand-Popo zan tura ku, wani ƙaramin gari a Jamhuriyar Benin, kimanin kilomita 80 yamma da Kwatano, dab da iyakar Togo. Ɗan Najeriya ba ya buƙatar biza, yarjejeniyar ECOWAS ta ba shi kwana 90. Ku dai riƙe fasfo da katin rigakafin shawara, don ana tambayarsa a Seme, iyakar Najeriya da Benin.

In kun isa Kwatano, ku nufi unguwar Zango. Hausawa ne maƙil, a nan za ka canza naira zuwa sefa cikin harshenka, ku ci tuwo, a nuna muku inda ake shiga motocin Lome. Su ne ke bi ta Grand-Popo. Kada ka ɗauki shata, kuɗin banza ne.

Masauki kuwa, ka bar waɗanda ƙofarsu ke kallon ruwa. Ka ɗan ja baya zuwa cikin gari, ka nemi ɗaki mai fanka, ka yi ciniki na kwana uku a dunƙule. Teku dai ɗaya ce, taku kaɗan ne ya raba ku. Ku je tsakanin Disamba da Maris, lokacin rani, amma ku kauce wa mako na biyu na Janairu, lokacin bikin gargajiyarsu na Vodun, baƙi na cika yankin.

Abin da ya fi burge ni a can ba a biyan ko sisi. Bayan asuba sai ka ga masunta sun yi dogon layi a kan rairayi suna jan igiyar taru, suna waƙa, mata na zaune da robobi suna jira. Tarun na fitowa ciniki ya kaure. A nan na sayi kifi yana motsi, wata dattijuwa ta gasa mini da barkono, na sauke da ruwan kwakwa. Da kifi kun huta da tambayar wa ya yanka.

Sai gargaɗi, kuma da gaske nake: kada ku shiga ruwan. Igiyar ruwan gaɓar nan tana ja da ƙarfi, tana cin har gwanaye, balle mu da muka koyi iyo a kududdufi. Ni da na tsaya iya idon sawu ina ɗaukar hoto, sai ga wata ta taso ta kwashe ni, na tashi da rairayi har cikin kunne, hulata zanna bukar kuwa ta tafi ke nan. In amarya ta matsa sai ta taɓa ruwa, ku hau kwalekwale a kogin Mono, a kai ku inda yake haɗuwa da teku. Ka tsayar da kuɗin da mai kwalekwalen kafin ku shiga, kuma ka ce a ba ku rigar ceto.