Tunkuzar kanola ga 'ya'yan aladu: ina sikelinka?

Wani mai kiwon aladu ya rubuto cewa surukinsa ya samo masa tunkuzar kanola (wata shuka da ake matse mai daga ƙwayarta) da ta fi ta waken soya arha da kusan kashi ɗaya cikin uku. Yana so ya cire soya gaba ɗaya daga abincin 'ya'yan da ya yaye, don an ce masa kanola tana gyara hanji, kuma yana sa ran ribarsa ta ninka kafin shekara ta zagayo.

Malam, na karanta wasiƙarka daga farko har ƙarshe ina neman abu ɗaya, ban gani ba: nauyi. Ka faɗi kuɗin buhu, ka faɗi abin da suruki ya ce, amma ba ka ce ɗan aladenka kilo nawa yake ranar yaye ba, balle kilo nawa ya ƙara bayan wata guda. Ba ka aunawa ke nan. To da me za ka gane ko sabon abincin ya yi maka rana? Da ido? Cikin da harza, wato ɓawon abinci da ba ya narkewa sosai, ta kumbura ma a ido ƙiba ce.

Kanolar ba ta da laifi. A Kanada aka samar da ita a shekarun 1970 daga tsohon irin da ke da sinadarai masu ɗaci da ke hana dabba ci, aka rage su sosai, kuma masu kiwo da dama suna amfani da ita. Sai dai furotin ɗinta wajen kashi 36 ne cikin 100, na soya kuwa 44 zuwa 48. Laisin, wani sinadari na cikin furotin da ɗan alade ke buƙata wajen gina tsoka, kusan kashi 2 ne a kanola, 3 a soya, ga shi na kanolar bai kai na soya narkewa ba. In ka bi ta kan laisin da ke shiga jiki, sai ka zuba kusan buhu biyu kafin ka kamo buhu ɗaya na soya. Ƙarfinta ma bai kai ba saboda yawan ɓawo. Dole ka sayi garin laisin, wataƙila da ɗan mai, ka cike giɓin. Surukin naka ya sa wannan a lissafi?

Na san wani da ya yi irin wannan canjin dare ɗaya. Yaran suka riƙa tura hanci a kwano suna juyawa, gashi ya tashi, ƙashin baya ya fito. Bai farga ba sai da lokacin sayarwa ya yi, ya ga sai ya ƙara ciyar da su makonni. Abin da ya rage a kuɗin buhu, ya biya shi har da riba a tsawon kwanaki. Abinci ne ke cin kashi 60 zuwa 70 na kuɗin kiwon alade, kowace rana ta ƙari daga aljihunka take fita.

Batun hanji kuwa, ɗan harza yana iya taimakawa, amma kada ka ɗauke ta maganin zawon yaye. Batun ninka riba, wannan ka bar shi.

Sayi sikeli kafin ka sayi buhu ko ɗaya. Raba yaran gida biyu masu kusan nauyi ɗaya. Kashi na farko su ci gaba da abin da suka saba. Na biyun, bari su yi mako ɗaya ko biyu da yaye, ka fara da kashi 5 cikin 100, ka ɗaga a hankali zuwa 10 ko 15. Masu kaiwa 20 suna da wanda ke daidaita musu haɗin, kai ba ka da shi tukuna. Ka buɗe buhun ka duba: in ta yi duhu sosai ko tana warin ƙuna, wuta ta cinye laisin ɗin, mayar masa da kayansa ko da suruki ne. Duk mako ka auna, ka rubuta abin da suka ci da kilon da suka ƙara, ka fitar da kuɗin kowane kilo. Bayan wata guda turo mini littafin, sai mu yi maganar sauran garken.