Al'ada ta ɗauke, nono na ɗiga, wai ciki ne ya kwanta

Tambaya: Salam likita, daga Tudun Wadan Zariya nake. Kusan shekara 2 ban ga al'ada ba, nonona na ɗigar ruwa alhali ban taɓa haihuwa ba. Gwaji ya nuna prolactin ɗina (sinadarin hormon mai kawo ruwan nono) ya hau sosai, an ce in yi hoton MRI na kai, na kasa barci. Uwar mijina ta ce kwantaccen ciki ne in rabu da asibiti. Don Allah ciwon daji ne?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar uwa, ki kwantar da hankalinki. Ko MRI ya nuna ƙari a pituitary (ƙaramin sashe a ƙasan ƙwaƙwalwa mai fitar da prolactin), irin wannan ƙarin da ake kira prolactinoma kusan duk ba daji ba ne, a mata ma yawanci bai kai milimita 10 ba, kuma ƙwayar magani ke ƙanƙantar da shi, ba kasafai ake kaiwa ga tiyata ba. Maganin shi ne cabergoline sau 1 ko 2 a sati, ko bromocriptine kullum, da dare bayan abinci saboda jiri da tashin zuciya. Amma a fara duba fitsarin ciki da thyroid (sashen da ke gaban wuya mai fitar da hormon), a tambayi magungunan da kike sha, su metoclopramide na amai da haloperidol na taɓin hankali duk suna ɗaga prolactin.

Sai batun kwantaccen ciki, wallahi na gaji da shi. Ciki ba ya kwanciya shekara 2, sikanin minti biyar zai nuna mahaifa ba komai, amma a haka za a yi ta ɗura wa mace jiƙe-jiƙe ana turara ta wai a tayar da ciki, mai magani na karɓar kuɗi yana cewa saura ƙiris, ƙarin kuwa idan babba ne yana can yana danne jijiyar gani. Sai mace ta zo mana tana karo da ƙyauren ɗaki, ba ta ganin mai keke ta gefenta, an ce aljanu ne. Ganin da ya daɗe da tafiya ba lallai ya dawo ba, ga ƙashi na laushi saboda rashin estrogen, hormon ɗin mata. Da girmamawa ga Hajiya, ta yi haƙuri, ki tafi da ita ta ga sikanin da idonta.

Ki yi MRI ɗin, ki kai wa likitocin hormon a asibitin koyarwa na ABU da ke Shika, su duba gefen ganinki. Al'ada na dawowa kar ki ajiye magani da kanki, kuma ciki na iya shiga tun kafin ki ga jini, in kin yi ɓatan wata ki koma wurinsu. Ciwon kai mai tsanani farat ɗaya da dishi-dishin ido kuwa, wannan a daren za ki je asibiti.