Amsa: Wace tatsuniya ta dace da ɗan shekara 4?

'Yar uwa, kin tambayi irin labarin da za ki riƙa ba ɗanki mai shekara 4 kafin barci. To ni dai shawarata ki ajiye tatsuniyar Dodo tukuna, wallahi na taɓa yi wa 'yata wadda Dodo ke haɗiye yarinya a bakin rafi, sati guda ba ta yarda ta shiga banɗaki ita kaɗai ba sai na tsaya mata da tocila a bakin ƙofa.

Ki fara da gajerun na dabbobi masu 'yar waƙa da zai riƙa yi miki amshi, kar su wuce minti 5 don hankalinsu ba ya zama. Gizo da Ƙoƙi ma ba laifi, amma fa ki zaɓi wadda asirin Gizo ya tonu a ƙarshe, in ba haka ba yaro sai ya ɗauka ƙarya gwaninta ce. Ƙissar Annabi Nuhu da jirgi kuwa suna sonta saboda dabbobin nan bibbiyu.

In kin ce ƙurunƙus ki tambaye shi wa ya fi burge shi, za ki sha dariya.