Ku Tambayi Kawu: Kambun bakan gizo a hannun kyaftin, dole ne ko ganin dama?

TAMBAYA: Salamu alaikum Kawu. Ni matashi ne daga Nima nan Akra, dan Allah a warware mana wata gardama da ta kusa raba mu a wajen shan ataya. Muna kallon wasan Firimiya muka ga kyaftin kyaftin sun ɗaura kambu mai launin bakan gizo, wani ya ce ai alamar 'yan luwaɗi da maɗigo ce kuma duk ɗan wasan da ya ƙi sawa korarsa ake yi, wani ya ce ƙarya ne, har wani ya ce shi in ya ga irin mutanen nan a unguwa duka kawai. Mene ne gaskiyar abin, kuma daga ina ya samo asali?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana. Toh abokinka na farko ya faɗi rabin gaskiya, alamar tasu ce, amma maganar kora ba haka take ba.

A Ingila abin ya fara ne a 2013, wata ƙungiya mai kare haƙƙin 'yan luwaɗi da maɗigo mai suna Stonewall ta riƙa raba wa 'yan wasa igiyar takalmi mai launin bakan gizo, daga baya hukumar Firimiya ta shiga ciki aka ƙara da kambun kyaftin da tutar kwana, an riƙa yi wajen ƙarshen Nuwamba zuwa farkon Disamba har zuwa 2024. A Faransa kuma a watan Mayu suke nasu, a riga suke sa alamar. Su masu shirya abin cewa suke ba suna kiran kowa ya shiga wani abu ba ne, suna so ne a daina zagi da tsangwama a filin wasa. Kuma wallahi kafin ka yanke hukunci ya kamata ka san labarin Justin Fashanu, don yawancin yaranmu ƙaninsa John kawai suka sani ko ma ba su san kowa ba. Babansa ɗan Najeriya ne, shi ne baƙar fata na farko da aka saya fam miliyan 1 a Ingila, daga Norwich zuwa Nottingham Forest a 1981. A 1990 ya fito a jarida ya faɗi yadda yake, daga nan 'yan kallo suka sa shi a gaba da waƙoƙin zagi, ɗan uwansa na jini ya nesanta kansa da shi a bainar jama'a, ya yi ta yawo kulob zuwa kulob, a 1998 aka tsinci gawarsa a Landan ya rataye kansa yana da shekara 37, lokacin ana masa wani zargi a Amurka wanda ya musanta a takardar da ya bari. Sai da aka yi shekara 32 kafin wani ɗan wasa namiji mai buga ƙwallon sana'a a Ingila ya sake fitowa ya yi irin maganar, wato Jake Daniels na Blackpool a 2022. Kaga ke nan abin ba daga sama ya faɗo ba, akwai gawa a bayansa, kuma gawar ɗan Afirka ce.

Yanzu batun dole. Idrissa Gana Gueye na Senegal bai buga wasan PSG da Montpellier ba a Mayun 2022 ranar da aka sa rigar, aka yi ca a kansa a Faransa, shugaban ƙasarsu na lokacin Macky Sall ya fito ya mara masa baya, kuma ba a dakatar da shi ba. Sam Morsy ɗan Masar kyaftin ɗin Ipswich na lokacin ya ƙi ɗaura kambun a ƙarshen 2024 saboda addininsa, kulob ɗin ya ce yana mutunta ra'ayinsa, shikenan. Marc Guehi, lokacin yana Crystal Palace, wanda Kirista ne ɗan fasto, shi ɗaurawa ya yi amma ya rubuta cewa yana son Yesu a jiki, hukumar ƙwallon Ingila ta tuna masa doka kawai ba ta hukunta shi ba. Inda aka yi hukunci mai zafi shi ne Mohamed Camara ɗan Mali a Monaco, ya liƙe alamar da salatif a Mayun 2024 aka dakatar da shi wasa 4. Dakatarwa fa, ba kora ba.

Ni ra'ayina a fili yake, bai kamata a tilasta wa ɗan wasa ya ɗaura abin da zuciyarsa ba ta yarda da shi ba, alamar da aka sa wa mutum da ƙarfi ba ta gyara komai sai dai ta ƙara gaba, kuma hukuncin Camara ya yi yawa. Amma ka lura da kyau, duk waɗannan da na lissafa babu wanda ya zagi wani, babu wanda ya ɗaga hannu ya mari wani, sun nuna matsayinsu suka yi shiru suka ci gaba da sana'arsu. Abokinka mai maganar duka ba sahun su Gueye yake ba ko kaɗan. Na san abin da malamanmu suke karantarwa kan wannan al'amari, na san majalisar dokokin Gana ta amince da ƙudurin nan na hukunta luwaɗi da maɗigo a 28 ga Fabrairun 2024 kuma shugaba Akufo-Addo bai sa hannu ba har ya sauka, duk na sani, amma babu malamin kirki da ya taɓa ba samarin unguwa izinin su kama mutum su lakaɗa masa duka su ɗauki bidiyo su watsa a WhatsApp. An yi irin wannan a zangunanmu, kuma sau da yawa zargi ne kawai, wani ma don a ƙwace masa waya ne ko a tatsi kuɗin iyayensa. Wanda ake dukan ɗan wata ne a unguwar nan, uwarsa tana jin ihunsa. Ka gaya masa ni na ce ya janye wannan magana.

TAMBAYA: Kawu ni uwa ce daga Mamobi, yarona shekararsa 16 yana makarantar koyon ƙwallo kuma ana maganar wataƙila a kai shi Turai gwaji. Tunda na ji labarin nan hankalina bai kwanta ba, ina tsoron a canza min ɗa.

AMSA: Hajiya Allah ya kwantar da hankali, ya sa yaron ya zama abin alfahari. Ki duba Mohammed Kudus, ɗan Nima ne, ya bi ta makarantar Right to Dream ya tafi Denmak ya wuce Ajax ya shiga Ingila, har yau in ya ci ƙwallo ana sanin ɗan wane gida ne. Kwana ɗaya ko sati ɗaya a shekara da ake sa wata alama ba shi ke canza yaro ba. Abin da zan ce ki koya masa tun yanzu shi ne in akwai abin da ba zai iya ba ya samu koci ko kyaftin tun da wuri ya faɗa cikin ladabi, kamar yadda Noussair Mazraoui ya yi a Manchester United a Disamban 2024, ya ce ba zai sa jaket ɗin ba, sai 'yan wasan gaba ɗaya suka ajiye nasu don kada a ware shi shi kaɗai. Kuma ya riƙe bakinsa da yatsunsa, a can zagin mutum kan wannan abu a fili ko a Instagram laifi ne da ake dakatar da ɗan wasa a kai, kuma zai iya tarar da abokin wasa ko likitan kulob ko mai dafa musu abinci da yake haka, ya gaishe shi ya ci abincinsa ya yi mu'amala ta mutunci yadda shi ma yake so a bar shi ya yi sallarsa ya yi azuminsa. Ni abin da ya fi tsorata ni a tafiyar yaranmu ma dillalan bogi ne masu karɓar kuɗin iyaye su yar da yaro a tashar jirgi. Ki sani dokar FIFA ta hana sayar da yaro ƙasa da shekara 18 zuwa wata ƙasa sai da wasu sharuɗɗa ƙalilan, don haka duk takardar da aka kawo kada ku sa hannu sai wanda ya san doka ya karanta.

TAMBAYA: Daga Sabon Zango. Ni dai ina ganin ɗan ƙwallo ya buga ƙwallonsa ya yi shiru, me ya kai shi fafutuka?

AMSA: Ɗan uwa da Sulley Muntari ya yi shiru fa? Afrilun 2017 yana Pescara, 'yan kallon Cagliari suna masa ihun wariyar launin fata, ya je ya gaya wa alƙalin wasa sai aka ɗaga masa katin gargaɗi shi da aka zalunta, ya fice daga fili, aka dakatar da shi wasa ɗaya, sai da duniya ta yi caa aka soke. Kafin shi Kevin-Prince Boateng ya fice daga fili saboda irin wannan ihu a 2013 yana AC Milan, abokan wasansa suka bi shi. Ranar duk Zango tafi muka yi. Da Kanoute ya ɗaga riga ya nuna sunan Falasɗinu a Sevilla a 2009 aka ci shi tara, mun ce gwarzo ne. Toh 'yan Jamus da suka toshe bakinsu da hannu a Qatar a 2022 kafin wasansu da Japan, bayan FIFA ta ce duk kyaftin ɗin da ya ɗaura kambun OneLove, wato na adawa da wariya mai zuciya kala-kala irin na bakan gizo, zai sha kati, su ma abin da suka yi imani da shi suka nuna, ko ka yarda da su ko ba ka yarda ba. In ka ce kowa ya yi shiru, bakin Muntari ka fara rufewa, ni kuma ba zan iya ce wa Muntari ya tsaya a fili ana masa kukan biri ba.