Haɗaɗɗen banɗaki a tsohon gidan ƙasa

Ɗan'uwa, ka tambaya ko za a iya saka banɗakin da ake kawowa a haɗe daga masana'anta cikin soron kakanku a ƙauyen Dawakin Tofa. Fara auna ƙofar zaure. Irin na da sai an sunkuya, kuma don Allah kada ka fasa bangon tubali saboda shi. Ni a tsakar gida zan ajiye shi, kan nasa daɓen siminti, nesa da bango. A gidanmu bututu ya yi yoyo wata biyu, gindin bango ya jiƙe, azara ta fara lotsawa. In kuma gidan yana ƙarƙashin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, kamar Gidan Makama, sai ka nemi izininta tukuna.