Amsa ga Kawu: abin da ke kai mu taron unguwa a Bronx

Kawu, Allah ya ƙara girma. Na saurari saƙonka har sau biyu. Ka ce ka ga hotona riƙe da kwali a gaban majalisar birnin Niyok, shi ne kake tambaya: mutumin da ya tafi neman na kansa, me ya haɗa shi da rigimar 'yan sanda da fursunoni a ƙasar mutane? Ban ga laifinka ba. Farkon zuwana ni ma haka na ɗauka: ka fita aiki, ka dawo, ka ja bakinka ka yi shiru, tunda baƙo raɓa ne. Sai dai wanda ya haifi 'ya'ya a nan, suka tashi suna yawo a titunan nan da baƙar fatarsu, ya wuce a kira shi raɓa.

Dattawanmu da suka riga ni zuwa, har yau sunan Amadou Diallo bai bar bakinsu ba. Ɗan Gini ne, mai talla a bakin titi. A Fabrairun 1999 'yan sanda huɗu suka harba masa harsashi 41 a ƙofar gidansu a nan Bronx, wani yanki na birnin Niyok, 19 suka same shi, kuma ba makami a hannunsa, jakar kuɗinsa ya ciro. Kotu ta wanke su. Tun daga ranar mutanenmu suka gane wuta ta kama gemun ɗan'uwa.

Amma abin da ya shigar da ni ciki sosai shi ne beli. A nan idan an kama mutum, alƙali kan yanka masa kuɗi: ya biya ya jira shari'a a gida, ya kasa ya jira a kurkuku. Kalief Browder yana ɗan shekara 16 aka kama shi a 2010, wai ya saci jakar goyo. Belinsa dala 3,000 ne, iyayensa ba su da su. Ya shekara uku a kurkukun tsibirin Rikers, kusan biyu daga ciki a kulle shi kaɗai a ɗaki, ba a taɓa yi masa shari'a ba. A 2013 aka janye ƙarar, a 2015 ya kashe kansa. Kawu, mutum biyu da ake zargi da laifi iri ɗaya, ɗaya ya kwana da iyalinsa, ɗaya ya kwana a kulle, bambancin kawai aljihu. Wannan muke cewa a gyara. Ba wanda ya ce a ƙyale ɓarawo.

Na ga irinta da idona. Wata maƙwabciyarmu ta buga min ƙofa da asuba, mayafinta a karkace, an kama ɗanta. Bayan sallar Juma'a aka zagaya da kwali, wannan ya jefa goma, wancan ashirin, kafin la'asar kuɗin sun haɗu. Yaron ya fito, daga baya aka kori ƙarar, amma kwanakin da ya yi a tsare sun riga sun cinye masa aikinsa.

Zanga-zangar da ka gani a hoto ita ce ƙarama a cikin aikin. Mafi yawansa zama ne a ɗakin ƙasa na coci ko masallaci, mu da baƙaƙen Amurka da 'yan Jamhuriyar Dominika, ana fassara daga wannan harshe zuwa wancan har dare ya raba. Sai bin gidaje ƙofa-ƙofa cikin sanyin da ke sandarar da yatsu, sai zuwa kotu a zauna a baya da littafi ana rubuta abin da alƙali ya yanke, sai damun ɗan majalisa da waya har ya san muryarka. Da irin wannan naci, na dubban mutane, jihar Niyok ta yi dokar 2019 da ta soke belin kuɗi a yawancin ƙananan laifuka, majalisar birni kuma ta kaɗa ƙuri'ar rufe Rikers a shekarar. Wa'adin rufewar 2027 ne, aikin kuwa tafiyar hawainiya yake yi.

Kada in ɓoye maka, ko a cikinmu baki bai zo ɗaya ba. Masu kantuna da direbobin tasi da aka taɓa tsarewa da bindiga suna cewa dokar ta yi sassauci, kuma an yi mata gyara a 2020 da 2022 da 2023. Ba na raina tsoronsu, ni ma ina dawowa gida cikin dare. Amma a lissafin ofishin binciken kuɗi na birni, tsare mutum ɗaya na tsawon shekara guda ya ci sama da dala 500,000 a shekarar 2021. Ni dai na fi son wani kaso na wannan dukiya ya tafi wajen aikin hutu na matasa, da kula da masu taɓin hankali, da albashin tsofaffin fursunonin da ke shiga tsakanin samari su yi sulhu kafin a kai ga zaro bindiga.

Akwai kuma wani tsari da aka fara a 2011: kansila ya ware kamar dala miliyan ɗaya, mutanen unguwa su zaɓi abin da za a yi da su. Ba a tambayar takardar zama, kuma daga ɗan shekara 11 ana jefa ƙuri'a. Bara na je da 'yata. Ta daɗe tana juya takardar, sannan ta zaɓi a sa fitilu a filin wasan da take jin tsoron bi bayan magariba. Da muka fito ta ce in aika maka hoton. Shi ne zan turo yanzu, a nuna wa su Inna.