Haske da Idanunmu: Likita Ya Amsa Tambayoyinku

Tambaya: Likita, idan aka ɗauke wuta da dare sai in daina gani ɗungurungum, can kuma in fara gane abubuwa. Ciwo ne? Daga wani tela a Katsina.

Amsa: Ba ciwo ba ne, malam. A can bayan ƙwayar ido akwai tantani mai suna ratina, inda ƙwayoyin karɓar haske suke: kusan miliyan 6 masu aikin rana da bambance launi, da kusan miliyan 120 masu aikin dare. Saƙonsu na bi ta wasu ƙwayoyin jijiya kafin ya kai ƙwaƙwalwa, kuma haske ne ke sauya yadda waɗannan suke haɗuwa da juna. Da rana ratina na sakin sinadarin dofamin, ya tsuke wasu mahaɗan, kowace ƙwaya ta ji da nata gurbin, hoto ya fito tas. Cikin duhu mahaɗan sukan buɗe, ƙwayoyin su yi gayya su tara ɗan hasken da ya samu. Sinadarin ganin dare kuwa, wanda hasken fitila ya raunana, sai ya ɗauki minti 20 zuwa 30 kafin ya farfaɗo. Wanda ya wuce haka yana lalube, dundumi ne. Ƙarancin bitamin A na kawo shi, akwai kuma na gado, don haka a je a duba.

Tambaya: Jaririna na da wata biyu, ina ganin fari a tsakiyar idonsa na hagu. Kakarsa ta ce a bari ya yi wayo tukuna. Daga wata uwa a Maraɗi.

Amsa: Baiwar Allah, a ba Hajiya haƙuri, wannan ba ya jira, don farin na iya zama yanar ido. Hanyoyin jijiya tsakanin ido da ƙwaƙwalwa ba su gama ginuwa ba a ranar haihuwa, gani ne ke ƙarasa su. A shekarun 1960 David Hubel da Torsten Wiesel sun rufe ido ɗaya na 'ya'yan kyanwa a Amurka, bayan watanni suka buɗe: idon lafiya lau, amma ƙwaƙwalwa ta daina sauraronsa. A babbar kyanwa hakan bai faru ba. Aikin ya ba su lambar Nobel a 1981. Shi ya sa ake cire wa jariri yanar ido tun cikin makonnin farko, alhali dattijo kan yi shekaru da ita, a cire ya gani sarai. Farin kuma na iya zama kansar ido. Ki kai shi wurin likitan ido cikin makon nan.

Tambaya: Hasken waya na ƙona ratina? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Bai kai wannan ƙarfin ba, kallon rana kai tsaye, musamman ranar husufi, shi ke ƙona ta. Barcinka wayar ke ci. Akwai ƙwayoyi a ratina da ke gaya wa ƙwaƙwalwa ko gari ya waye, kuma shuɗin haske ya fi tayar da su. Ka ajiye ta kamar awa ɗaya kafin ka kwanta.